Jirgin Baffa a Bakin Bahar Azraƙ

Mu mutanen wani ƙauye ne na Hausawa da ke kudu da Mai Wurno, a gaɓar kogin da Larabawan Sudan ke kira Bahar Azraƙ. Kakanninmu na cikin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903. Niyyarsu Makka ce, amma da yawansu suka yada zango a nan. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, wasu suka shiga gonakin audugar Jazira, wasu kuma suka riƙe su da fito. Gidanmu na cikin na biyun, kuma a cikinmu Baffa ne masassaƙin jirgi.

Tun muna yara muke ganin aikinsa. Itacen bagaruwa yake nema, wanda a nan ake kira sunuɗ, domin yana da tauri kuma yana jure zaman ruwa. Bagaruwa ba ta ba da dogon katako, saboda haka sai a yi ta haɗa guntaye masu kauri, ana ɗinke su gefe da gefe da dogayen ƙusoshin maƙera. Idan jiki ya haɗu, sai a cusa tsumma a kowace kafa, a tura jirgin cikin ruwa, itacen ya sha ya kumbura ya toshe sauran. Baffa kan shafe watanni a kan jirgi guda, ba ya gaggawa ko mai shi ya matsa.

Mu kuwa da muka tasa, sai muka raina sana'ar. Jiragen ƙarfe masu inji sun shigo, samari sun fi son aikin da ake biya ƙarshen wata. Ƙanenmu ya tafi Bur Sudan, tashar da Turawa suka gina a bakin Bahar Maliya a farkon ƙarnin da ya wuce, wadda ta ƙwace wa Sawakin kasuwa, Sawakin ɗin da alhazanmu na dā ke tsallakawa Jidda daga cikinta. A can ya sami aiki a jiragen shaƙatawa masu ɗaukar Turawa 'yan ninƙaya zuwa Sanganeb da Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Kusto ya kafa ɗakunan zama a ƙarƙashin teku a 1963. Aikinsa shi ne kankare ƙwarya da gansakukar da ke manne wa cikin jirgi, da shafa fenti, da goge ƙarafan da gishiri ke ci. Ya ce mana kuɗin fentin jirgi ɗaya ya fi abin da Baffa ke samu a shekara.

Wata sallah da ya zo gida, ya tarar da Baffa yana zare wata ƙusa da ya riga ya buga. Ya ce, "Baffa, wa zai ga wannan? Ai ƙarƙashin ruwa take." Baffa bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, ta tanƙware a ciki. Wanda zai hau jirgin nan da iyalinsa bai san da ita ba, ni na sani." Muka yi dariya a lokacin, muna cewa tsufa ne.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, aikin ƙanenmu ya tsaya, ya dawo gida hannu rabbana. A ƙarshen watan Yuni na 2024 faɗa ya iso Sinja, hanyoyin mota suka toshe, man fetur ya yi wuyar samu. Jama'a suka yi ta kwararowa bakin kogi suna neman tsallakawa gabas, su nufi Gadarif. Damina ta kama, ruwa yana ƙaruwa. Jiragen inji da ba su da mai suka zauna a gaɓa. Abin da ya rage mana shi ne tsohon jirgin Baffa da filafilai biyu.

Kwana da kwanaki ƙanenmu da 'yan uwansa suna kai da komowa. Sun ɗauki tsofaffi da masu jego da buhunan dawa, har da wata baiwar Allah da naƙuda ta kama a tsakiyar ruwa. Jirgin ya yi nauyi har ruwa na lasar bakinsa, yara suna kwarfe abin da ya shiga da ƙwarya, amma katako ko ɗaya bai saki ba. Daren da aka tsallakar da mahaifiyarmu, ƙanenmu ya zauna a kan yashi yana kuka. Ya ce duk tafiyar ba abin da yake tunawa sai ƙusar nan.

Baffa ya rasu a gudun hijira, kafin mu komo gida bayan lafawar faɗa a yankin Sinja a ƙarshen 2024. Gizagonsa da gudumarsa suna nan, amma a cikinmu babu wanda ya iya zaɓen bagaruwa a tsaye ya san wadda za ta yi jirgi. Shekaru talatin yana gabanmu, ba mu tambaye shi ba. Yanzu ƙanenmu yana zuwa wurin wani dattijo a ƙauyen da ke gaba da mu, yana koyo daga farko, da 'ya'yanmu biyu a bayansa.

Muna roƙon iyaye da ke karanta wannan, a Maraɗi ko Kano ko duk inda kuke: idan akwai tsoho mai sana'ar hannu a gidanku, ku tura yaranku su zauna kusa da shi tun yana raye. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya zaunar da Sudan lafiya. Amin.