Tutocin tarbar Baba

Yau wani ɗan aikin hannu zan ba ku labarinsa, wanda ya tona mini asirin kaina.

A Sabo ta Ibadan aka haife ni, unguwar da aka ware wa Hausawa tun 1916. Babanmu ɗan kasuwar goro ne, ya daɗe yana tara kuɗin kujera har Allah Ya nufa ya sauke farali a 2023. Da lokacin dawowarsa ya matso, sai ƙanwata ta ce mu ƙawata falo da jerin 'yan tutoci irin waɗanda maƙwabtanmu Yarbawa ke ratayawa ranar biki. Na je wurin masu buga fosta, kuɗin da suka faɗa ya fi ƙarfin aljihuna. Na ce to, hannu ai bai mutu ba.

Na je shagon telan layinmu na roƙi ragowar ƙyallaye, ya cika mini leda: atamfa, shadda, har da adire. Inna ta ƙara mana da wani tsohon zaninta. Na yanka kwali mai kusurwa uku, tsawonsa inci 8, shi ne ma'auni. Da shi muka fitar da tutoci 11, muka goge su, muka naɗe bakin kowace a jikin igiya, ƙanwata ta bi da allura da zare. Ni kuma na yanka haruffa a farar takarda, harafi ɗaya tuta ɗaya: SANNU DA ZUWA. Da sitacin rogo muka liƙa. Ga shawara ga mai son gwadawa: a watan Yuli iskar Ibadan jiƙe take, idan sitaci ya yi yawa takarda sai ta kumbura. A shafa kaɗan, a danne da littafi ya kwana.

Mun rataye muna ta murna, sai Inna ta shigo ta duba, ta ce, "Ya yi kyau, amma wa kuka rubuta wa? Babanku ai ba ya karanta boko."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Littafin bashinsa da ajami yake, lissafin huhun goro da ajami yake. Har yau yana jin haushin cire ajami da aka yi daga takardun naira 5, 10, 20 da 50 a 2007. Na san duk wannan, amma ko a raina bai zo ba.

Na ɗauki biro zan rubuta, sai na ga hannuna ya tsaya. Na yi makarantar allo, ina karanta Alƙur'ani, amma rubuta Hausa da waɗannan haruffa ban taɓa yi ba. Ina hira da Yarbanci, ina tura saƙo da Turanci, ga kalma uku na harshen ubana sun gagare ni.

Da kunya na je wurin malaminmu na allo. Ya ce, "Ɗana, ajami ba ya rarrabuwa kamar boko, haruffansa riƙe suke da juna, kuma daga dama ake farawa. Nemo doguwar takarda." Ya ba ni alƙalamin kara da tawada. Sau huɗu ina rubutawa yana gyarawa. Na manta shadda a kan nun, ya yi dariya ya ce na cika tuta da shaddar tela na bar ta rubutu.

Muka ɗinke takardar a kan zanin Inna, muka rataye ta ƙarƙashin ta bokon. Ranar da Baba ya iso, gida cike da 'yan taya murna, ya ɗaga kai ya karanta a hankali. Ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce wawun ya karkace, amma Allah Ya yi albarka. Bayan kwana biyu ya miƙo mini littafin bashi ya ce in fara koyon dubawa.

Tutocin suna nan a falo, takardar ta soma yin ja. 'Yan uwa na Agege da Shagamu da Fatakwal, a cikinku wa zai iya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da ajami? Allah Ya sa mu dace, amin.