Bazarata ta ƙarshe a Kano

Tun a watan Maris aka yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Legas. Ya riga mu tafiya don ya nemo gida, ni da yara uku muka tsaya har a kammala zangon karatu na uku a watan Yuli. Haka na yi bazarar bana, jikina a Kano, hankalina a hanya.

Duk wadda ta zauna a Kano ta san watan Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, a ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗaki ya koma tanda. Da magariba sai mu yayyafa wa tsakar gida ruwa, mu shimfiɗa tabarmi, mu ɗaura gidan sauro. Da safe mai ruwa ya turo kurarsa, yara su sha mangwaro har gwiwar hannu, ni kuma ina fama da ƙurajen zafi a wuyan auta. Wai ana shirin tashi, amma tukunya ba ta san da zancen ba. Kullum sai an ɗora, an yi wanki, an kai yara Islamiyya. Haɗa kaya kuwa sai bayan isha'i, idan gari ya ɗan sarara.

Na kasa kayan gida kashi uku: na tafiya, na kyauta, da na "sai na yi shawara". Kashi na ukun ne ya fi yawa, har ranar da mai babbar mota ya zo ya faɗi kuɗinsa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma gwargwadon kayanki gwargwadon abin da za ki biya. A ranar na gane cewa kwanukan aurena da suka shekara 12 a kabet ba su da dalilin ganin Legas. Na raba wa ƙannena. Firiza kuma na sayar, na biya zubin adashin watanni uku da suka rage mini, tunda na riga na kwashe. Ba na so in bar unguwa da bakin mutane a bayana.

Takardu na haɗa a jaka guda: na haihuwa, katin rigakafin auta, sakamakon jarrabawar yara da takardar canjin makaranta. Wannan jakar a hannuna za ta yi tafiya, ba za ta shiga motar kaya ba.

Na je Dawanau na auno gero da wake, na biya Kasuwar Rimi na sayi kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da kanwa. Mai kayan miyar da na saba da shi ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai duk akwai su a Agege da Mile 12, daga nan ake kai musu." Gaskiyarsa ce, amma na saya. Wata 'yar uwata da ta taɓa zaman can ta gargaɗe ni cewa iskar Legas damshi gare ta, kuka da yaji suna saurin yin fumfuna. Don haka na ƙara shanya komai a ranar Kano, na ɗura a robobi masu murfi.

Da aka yi ruwan farko gari ya yi sanyi, wata Asabar na kwashi yara muka hau Dutsen Dala. Abin kunya, a Kano aka haife su amma ba su taɓa hawa ba. Daga sama na nuna musu Gwauron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci kusa da gidan Sarki, da rufin kwano iya ganin ido. Da muka sauko muka biya marinar Ƙofar Mata, suka ga yadda ake tsoma farin yadi a baba ya fito shuɗi. Ina so idan an tambaye su daga ina suke, ya zamana akwai abin da za su faɗa.

A hanyar dawowa ne ɗana mai shekara shida ya ce, "Mama, a Legas idan kin tafi unguwa gidan wa za mu shiga?" Na rasa amsa. Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabciyata. Ita ta raka ni asibiti cikin dare ranar haihuwarsa, ita ke riƙe mini makulli, a gidanta yarana ke cin tuwo ba tare da an tambayi ko sun ci ba. Ana cewa zumunta a ƙafa take, to ga shi ƙafar za ta yi nisa.

Akwai randar da Inna ta ba ni ina amarya. Duk bazara ita ke rufa mana asiri idan babu wuta. Mai mota ya ce ba za ta kai Zariya da rai ba. Jiya da yamma ni da babbar 'yata muka ɗauke ta muka kai gidan maƙwabciyata. Ta ce, "Maman yara, ajiya ce, ba kyauta ba. Duk hutun da kuka zo za ku tarar da ruwa a ciki." Ban iya ce mata komai ba, na juya na fita.

Saura mako biyu mu tashi, in Allah ya yarda. 'Yan uwa mata da kuka yi irin wannan ƙaura, musamman mazauna Legas, yaya kuka yi kuka sami maƙwabciyar da za ku iya barin yaranku a hannunta? Ku taimaka mini da shawara, ku kuma sa mu a addu'a.