Aikin Mataimakin Lauya A Ƙasar Guri

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana bisa wani aiki wanda samarinmu suka soma sha'awa, watau aikin mataimakin lauya.

Ni akawu ne. Kullum kaka ta yi, mutane sukan zo in rubuta musu ƙara: wannan shanu sun ci masa shinkafa, wancan an kama masa ɗa, waccan an hana ta tumuninta na gādon miji. Mai neman lauya kuwa galibi sai ya tafi Haɗejiya ko Dutse, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa talaka ya haƙura da haƙƙinsa.

Dokar taimakon shari'a ta 2011 ta san da zaman wannan aiki, a Ringim kuma akwai kwaleji inda ake koyar da shari'a. To, takarda abar nema ce, amma a ganina ba ta isa ba a nan fadama. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 kogin Haɗejiya ya sāke hali, kacalla kuma ta toshe hanyoyinsa. Gonar bara ta zama tafki bana, burtali ya nutse, makiyayi ya ratse cikin shuka. Wanda bai san wannan ba, yaya zai yi sulhu tsakanin manomi da Bafillace? Lalle ne kuma ya ji Fillanci ko Badanci, don ya rubuta abin da mai ƙara ya faɗa, ba abin da tafinta ya ga dama ba.

Wajibinsa ne ya sanar da jama'a cewa belin 'yan sanda kyauta ne, kuma bisa tsarin mulki na 1999 wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu cikin kilomita 40. Amma ya san iyakarsa. Ba shi tsayawa gaban alƙali a madadin kowa, ba shi kiran kansa lauya, in magana ta kai ga jini sai ya miƙa ta ga masu ita. Asirin da aka faɗa masa kuwa, ko matarsa kada ta ji.

Ina roƙon hakimanmu su zaɓi yaro guda daga kowace gunduma a tura shi koyo, kafin ruwa ya janye shanu su sauko fadama.

Wassalam.

Wani Akawu, Guri.