Ƙusar da muka manta a aljihu

Mu tagwaye ne, muna aji biyar na sakandare a Kano. Da aka ba da dogon hutu, mahaifiyarmu ta ce ba za ta zuba ido mu wuni muna latsa waya ba, sai ta haɗa mu da ƙanenta mai garejin gyaran mota. A gida Kawu muke ce masa, a gareji kuwa Oga, kamar sauran yara. Makonni uku na farko ba abin da muka yi sai wanke notina a cikin fetur, miƙa sifana da sayo shayi.

Wata Alhamis da hantsi wani matashi ya shigo da jar Toyota Celica ƙirar 2002, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Irin motocin nan ne da aka ƙera don gudu. Duk yaran gareji muka ajiye abin hannunmu muka kewaye ta. Ya ce in ya taka ta a kan titi sai ta riƙa yawo hagu da dama, in ya hau tudun rage gudu kuma sai ya ji ƙwas-ƙwas daga gaba. Ranar Asabar abokinsa zai angwance a Zariya, kuma da ita za a ja ayarin motoci.

"Alaimen ne kawai, Oga," in ji shi. "A duba min da sauri."

Mu ma muka gyaɗa kai, don mun taɓa jin kalmar. Oga ya dube mu ya ce, "'Yan biyu, mai mota ya faɗi nasa. Ku je ku ji ta bakin motar."

Muka ɗaga gabanta da jak, muka tokare ta da ƙarfen tsayawa, domin doka ce a garejin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Oga ya ce mu ɗauki tayar kamar fuskar agogo. Muka kama wajen ƙarfe 12 da ƙarfe 6 muka jijjiga, ko motsi babu. Ya ce da ta yi rawa a nan, da boljoyin ko boris za a zarga. Muka koma ƙarfe 9 da ƙarfe 3, sai ga ƙarar nan, ƙwas-ƙwas. Ɗayanmu ya ci gaba da jijjigawa, ɗayan ya zura hannu bayan tayar ya dafa inda Oga ya nuna, ya ji ƙarfe yana buga masa tafin hannu.

Wannan shi ne kan tayarod. In direba ya murɗa sitiyari, wani dogon ƙarfe mai haƙora ne ke matsawa gefe, tayarod kuma shi ke kai wannan motsi ga tayar. A ƙarshensa akwai ƙwallon ƙarfe zaune cikin gurbinsa, kamar gaɓar kafaɗar mutum, an cika shi da giris an rufe da 'yar roba. Robar wannan motar ta yage. Giris ya tsiyaye, ƙura da ruwan damina sun shiga sun cinye gurbin har ƙwallon ya samu wurin rawa. Oga ya sa muka shafa tayar, muka ji gefe ɗaya ya suɗe, ɗayan kuma da sauran kwana. Da muka duba ɗaya ɓangaren, shi ma ya fara.

Oga ya ce wa mai motar, "Yallaɓai, ko an yi alaimen yau, gobe zai gudu, don abin da aka saita ba a tsaye yake ba. Kuma ranar da ƙwallon nan ya fice daga gurbinsa, tayar ba ta ƙara sanin sitiyari. Inda ta ga dama za ta nufa."

Matashin ya yi shiru, sannan ya ciro kuɗi. Babban yaron Oga ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa ya sayo sababbi guda biyu. Abin mamaki, sai Oga ya ce mu za mu ɗaura.

Ya tsaya a kanmu muka yi na dama. Aka fara sassauta notin da ke kulle kan tayarod ɗin da sandarsa, aka sa alama da alli. Muka miƙe 'yar ƙusar nan mai ƙafa biyu da filaya muka zare ta, muka kwance notin ƙwallon. Ɗayanmu ya ɗaga guduma zai doki kan ƙwallon, Oga ya riƙe masa hannu. Ya ce gefen ƙarfen da ke riƙe da shi ake duka, girgizar ce ke sakinsa. A bugu na huɗu ya faɗo. Sannan ya ce mu ƙirga zagaye nawa tsohon zai yi kafin ya fita. Muka ƙirga da ƙarfi kamar 'yan firamare, 17. Muka jera sabo da tsoho muka ga tsayinsu ɗaya, muka mayar da sabon zagaye 17 cif. Zagaye ɗaya bai fi milimita ɗaya da rabi ba, amma ya isa ya karkatar da taya ta riƙa cin kanta. Ƙirgar ma don motar ta iya kai kanta wurin masu alaimen ne kawai.

Notin ƙwallon yana da tsagogi a kansa, ƙusar kuma tana ratsa tsagar da hudar da ke jikin zaren, sai a lanƙwasa ƙafafunta don kada girgiza ta warware notin. In tsagar ba ta zo daidai da hudar ba, ƙara ɗaurewa ake yi, ba a sassautawa.

Muna fara na hagu aka kira Oga ya duba wata motar. Muka ci gaba mu kaɗai, kanmu ya yi girma. Aka kira sallar La'asar, mai motar yana ta duba agogo. Muka mayar da taya, muka ɗaure, muka sauke.

Wajen alwala ne ɗayanmu ya tsuguna ya ji wani abu ya soke shi a cinya. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da sabuwar ƙusa, a miƙe, ba a taɓa ta ba. Muka dubi juna. Wannan sallar, Allah Ya yafe mana, rabin hankalinmu yana ƙarƙashin mota.

Da aka sallame muka fara gardama ƙasa-ƙasa. Ai notin ya ɗauru tam. Ai ba wanda ya gani. In muka faɗa, Oga ba zai sake ba mu sifana ba, yaran gareji kuma sun samu abin tsokana har mu koma makaranta. Sai muka tuna lissafin da aka koya mana a aji: motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gane abin da ya faru, ya wuce tsawon filin garejinmu. Ga shi a ayarin biki ba shi kaɗai zai kasance a ciki ba.

Mun iso ya riga ya biya, ya tayar da injin. Muka sha gabansa a guje.

"Yallaɓai, don Allah ka dakata. Ba mu gama ba."

Oga ya zo, muka buɗe masa tafin hannu. Bai ce uffan ba. Ya murɗe sitiyarin har ƙarshe, ya haska da fitilar waya, ga hudar nan fayau. Aka sake ɗaga motar, aka cire taya, muka zura ƙusar muka lanƙwasa, hannunmu yana rawa. Mai motar ya yi ta faɗa a kan ɓata masa lokaci. Oga ya ba shi haƙuri, ya ce laifinsa ne da ya bari aka sauke mota bai duba ba, ya kuma jaddada masa ya wuce wurin alaimen kai tsaye.

Bayan ya tafi Oga ya tambaye mu wa ya sa ƙusar a aljihu. Muka ce mu ne. Ya sake tambaya, muka sake cewa mu ne. Ya ce to, tunda haka ne, sharar gareji ta mako guda ma mu ne. Da daddare a gida, ya koma Kawu, ya ce wa mahaifiyarmu yaranta za su iya aikin. Ta tambaye shi me muka gyara. Ya ce ba gyaran ya duba ba.

Tun daga ranar ya ba mu wani tsohon faranti. Duk ƙaramin abin da za a ɗaura a ciki ake zuba shi, kuma ba a sauke mota sai farantin ya zama wayam. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, mu kam namu a cinya ya soke mu.

'Yan uwa ɗalibai, in motar gidanku ta fara yawo a titi, ko kuka ga taya ta cinye ta gefe ɗaya, ku ce wa Baba a jijjiga tayar kafin a biya kuɗin alaimen. Mu dai mun koma aji, kuma Kawu ya ce hutu mai zuwa birki za mu fara.