Daga Lambunan Kyoto Zuwa Gonar Fukuoka

Mutanen Japan sun ɗauki lambu da muhimmancin da ban taɓa gani ba. A wurin ibada na Ryoan-ji da ke Kyoto, duwatsu 15 ne kawai a cikin farar tsakuwa, amma ana bin tsakuwar nan da manjagara ana ja mata layuka tsaf. A wani lambun na tsaya kallon wani dattijo a kan tsani mai ƙafa uku, yana tsinke tsofaffin ganyen wata bishiya mai ganye kamar allura, da yatsunsa, reshe bayan reshe, domin haske ya ratsa cikinta. A ƙasa kuma wasu mata sun tsuguna da 'yan tsintsiyoyi suna share busasshen ganye daga kan gansakuka, a hankali, kada su ƙwarzane ta. A lambun Kenroku-en na Kanazawa ma, kowace shekara daga 1 ga Nuwamba ake ɗaure rassan bishiyoyi da igiyoyi, don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya su.

Sai dai abin da ya fi kama mini zuciya yana can kudu, a Ehime da ke tsibirin Shikoku, ƙasar tuddai da lemo. Nan ne mahaifar Masanobu Fukuoka, wanda aka haifa a 1913 ya rasu a 2008. Masanin cututtukan tsirrai ne a hukumar kwastan ta Yokohama, ya ajiye aiki ya koma gonar mahaifinsa. A nomansa ba huɗa, ba takin zamani, ba feshi. Yana dunƙule iri a cikin yumɓu ya watsa, tsuntsaye ba sa iya tsincewa, iri na jiran ruwa. Kafin ya girbe shinkafa ya riga ya watsa sha'ir a tsakaninta, bayan sussuka kuma ya mayar da karan gona ya rufe ƙasa. A ƙarƙashin lemonsa kayan miya ke zubar da iri suna sake fitowa da kansu.

Kada a ɗauka lalaci ne. Da farko ya bar bishiyoyin mahaifinsa ba aski, ƙwari suka far musu, da yawa suka mutu. Daga nan ya shafe shekaru yana lura da ƙasa, yana gano wane aiki ne za a iya bari. Duk wanda ya ga yadda manoman Maradi ke barin gawo ya girma a gona, suna rage wa kututture 'yan rassa kawai, zai gane wannan hikimar nan take.

Gwanintar masu lambun Kyoto ta isa a jinjina mata. Amma in aka ba ni fili yau, hanyar Fukuoka zan bi.