In Faifai Ya Ƙi Tashi, Kar Ki Zargi Na'urarki

Yau ina so mu tattauna kan wani abu da ake yi wa kallon ƙarami, alhali ya sha ɓata wa mata rai, har ya raba wasu da hoton da ba za su ƙara samun irinsa ba. Maganar faifan da ake buga wa mutum a kwamfuta ce, na biki ko suna ko walimar sauka, wanda za a miƙo miki a leda, ki zo gida da murnarki ki sa a na'ura, ya yi ta juyi yana ƙugi, can sai allo ya rubuto miki "No Disc".

Na san wata za ta ce, haba baiwar Allah, a zamanin nan na waya wa ke ta faifai? Gaskiya ne kasuwarsa ta ja baya ƙwarai. Mu da muka taso muka tarar da kaset, tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, muka kuma ga yadda faifai ya kori kaset daga rumfunan Ƙofar Wambai bayan shekarar 2000, yau ga shi muna kallon waya tana korar faifan. Amma ki leƙa ɗakin tsohuwarki ko na uwar mijinki, za ki ga na'urar tana nan a ƙarƙashin talabijin an lulluɓe ta da ƙyalle. Idon tsohuwa ba ya ganin hoton waya, ita ta fi son babban allo, ta tara maƙwabta su nuna wance su nuna wance.

Lokacin bikin wata ƙanwata, gwaggonmu ba ta sami zuwa ba saboda ciwon ƙafa. Na kai hoton bikin shagon wani yaro ya buga min faifai, ya rantse min ya gwada ya yi, na biya shi, aka kai mata ƙauye. Ranar ta sa aka sayo fetur aka ta da janareta, matan gidan suka cika tabarma, faifai ya ce bai san zance ba. Suka goge shi da gefen zani, suka hura masa iska, suka bubbuga na'urar, shiru kake ji. Da ta kira ni, cewa ta yi, "'Yar nan, ashe dai ba ni da rabon ganin bikin nan." Maganar ta tsaya min a rai, ita ce ta sa na bi diddigin abin har na gane inda gizo ke saƙa.

Abu na farko da za ki riƙe, kwamfuta da na'urar kallo ba yarensu ɗaya ba. Kwamfuta kamar 'yar birni ce mai jin harsuna da yawa, duk fayil ɗin da aka ba ta sai ta nemi hanyar buɗe shi. Na'ura kuwa abin da aka koya mata tun daga kamfani shi kaɗai ta sani. Shi ya sa in yaro ya ce miki ya gwada a kwamfutarsa ya yi, to bai gwada komai ba. Hoton waya yawanci MP4 ne, kuma tsofaffin na'urori ba su san shi ba. In aka kwafe shi haka nan aka zuba a faifai kamar an zuba tsaba a buhu, ba zai tashi ba. Dole a fara juya shi zuwa tsarin da na'urar ta sani, sannan a yi abin da 'yan shago ke kira bonin.

Tsarin nan iri biyu ne. Akwai VCD, wanda kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita suka fitar a 1993. Shi ana buga shi ne a faifan CD, yana ɗaukar kamar minti 74 zuwa 80, shi ya sa kike ganin dogon fim yana zuwa a faifai biyu. Sai DVD da ya fara fitowa a Japan a 1996, yana cin gigabait 4.7, wato kamar awa biyu na hoto mai kyau. Ga wata dabara da ba ta bukatar boko mai zurfi: ki ce yaron ya buɗe miki faifan a kwamfuta ki gani da idonki. In DVD ne na gaskiya za ki ga folda mai suna VIDEO_TS, in VCD ne za ki ga MPEGAV. In kuwa sunan fayil ɗin wayarki kika gani tsirara, to aiki bai yi ba, sai dai in na'urarki sabuwa ce da aka rubuta a goshinta tana cin irinsa. Ki kuma sani yawancin na'urorin DVD suna cin VCD, amma na'urar VCD ba ta cin DVD ko da za ki kwana kina roƙonta.

Na biyu, a rufe faifan. In an gama bugawa akwai wani mataki na ƙarshe da manhajar ke yi, ta rubuta wa faifan jadawalin abin da ke cikinsa ta kulle shi. In aka bar shi a buɗe don a ƙara wani abu daga baya, kwamfutar da ta buga shi za ta iya karantawa, na'urar gida kuwa ta ga kamar babu komai a ciki.

Na uku, irin faifan da saurin bugun. Ki zaɓi CD-R ko DVD-R, ki guji mai alamar RW da ake gogewa a sake, domin ba ya mayar da haske sosai, tsohuwar na'ura ba ta ganinsa da kyau. Akwai kuma DVD+R da ya zo a 2002, wasu na'urorin da suka girme shi ba sa karɓarsa. Sannan ki roƙi yaron ya rage gudu, ko da kuwa layi ya yi masa yawa. Faifan da aka buga a guje shi ne mai sarƙewa a tsakiyar kamu, fuskar amarya ta farfashe. Sauri dai ya haifi nawa.

Na huɗu, talabijin ɗinmu a Nijeriya tsarin PAL ce, ta Amurka kuwa NTSC. In ɗan'uwa ya aiko da faifai daga can kika ga hoto ya koma fari da baƙi ko yana ta birgima, ba aljanu ba ne, bambancin tsari ne. Ki ce a buga miki naki a PAL. Kuma kafin ki miƙa kuɗi, a sa faifan a na'urar kallo ta gaske a gabanki, a duba farko da tsakiya da ƙarshe.

In ya zo gida, ki riƙe shi ta gefe. Kar ki bar shi a rana ko a kan talabijin mai zafi, domin faifan gida wani rini ne a cikinsa da zafi ke lalatawa. In za ki goge, ki sa ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Kar ki yi rubutu a bayan CD da biro, nan ne fatarsa ta fi rauni, ki nemi maka mai laushin baki. Lokacin hunturu ki rufe na'urar, ƙura ce ke makantar da idonta. Ki buga biyu, ki kuma ajiye asalin hoton a filashi, saboda faifai ba ya dawwama.

Saura magana biyu da suka fi duk waɗannan nauyi. Hoton biki ba naki ba ne ke kaɗai. A ciki akwai matan aure da suka cire mayafi suka taka rawa don sun san tsakanin mata suke. Kar ki miƙa wa yaron shago wayarki ki tafi cefane. Ki tura abin da kike so kaɗai a filashi, ki tsaya a kansa, in ya gama ya goge na kwamfutarsa kina kallo. Aure ya sha girgiza a kan abin da bai kai wannan ba.

Ta biyun, wannan ilmi don hoton gidanki na ba ki, ba don kwafar fim ɗin mutane ba. Ni da nake buga littafi da kuɗin adashina na san zafin ganin guminka a hannun wanda bai sha wahalarsa ba. Haƙƙi ne, kuma ba ya tsufa.

Ki duba akwatinki yau, in akwai faifan da ke ɗauke da fuskar wani naki da ya riga mu gidan gaskiya, ki sa a kwafe shi tun yana tashi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.