Tukunya Biyu a Gida Ɗaya

Shekara talatin da ɗoriya Malam ya yi yana taka keke daga cikin birnin Zariya zuwa makarantar da yake koyarwa. Da ya yi ritaya sai 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka saya masa mota, keken kuwa aka jingine shi a zaure. Kafin shekara uku tumbi ya fito, abokansa na majalisa suna cewa hutu ya karɓe shi. Daga baya ne ƙishirwa ta matsa masa, fitsari ya yawaita har alwalar magariba ba ta kai shi isha. A asibiti aka gwada jininsa kafin ya karya kumallo, a ranaku biyu, duka aka samu ya zarce 126, wato mizanin da likitoci ke tabbatar da ciwon sukari da shi.

Likita ya ce masa, “Baba, naka nau'i na biyu ne.” Jiki yana samar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, amma idan kitse ya taru a ciki sai tsokar ta daina amsa kiransa. Tsokar da ke aiki kuwa tana jan sukari ko da insulin ɗin ya yi rauni. Aikin da keken nan ya yi masa ke nan shekara da shekaru ba tare da ya sani ba.

Sauya abinci bai ba shi wahala ba kamar yadda aka yi zato. Uwargida ta ɗora tukunya ta biyu: malmalar tuwo ta ragu, miyar zogale da ta kuɓewa suka ƙaru, wake ya maye rabin shinkafa, aka rage surfen dawa don dusar ta zauna. Shayin safe ya rabu da sukari. Wani ya kawo masa buhun acca da cewa magani ce. Likita ya ce ita ma hatsi ce, a ci da awo.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen mutane. A 1974 Kirk-Greene ya jera karamci da kunya cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, kuma su biyun nan ne suka fi tsananta wa Malam. Mai gida ya kawo lemon kwalba a wajen suna saboda karamci, baƙo kuma ya sha saboda kunya. Ya daɗe yana sha kafin ya koyi cewa, “Alhaji, a yi mini afuwa, likita ya hana.” Da ya koma tafiya masallacin Juma'a da ƙafa, ya bar mota a gida, sai aka fara raɗe-raɗin fansho ne bai fito ba. Da ya rame kuwa, har gaisuwar rashin lafiya aka zo yi masa. Harshen da ke kiran ƙiba “hutu”, yake kiran rama “lalacewa”, bai tanadi kyakkyawar kalma ba ga wanda ya rage nauyi da gangan, kuma wannan giɓi ya cancanci nazari.

Ilimin likitanci dai yana bayansa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa, da aka ɗora su kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali ƙwayar metformin ta rage shi da kashi 31. Malam ya riga ya kamu, don haka tafiyar da awon abincin ba su ɗauke masa shan magani ba. Abin da yake karewa yanzu shi ne ido da ƙoda da ƙafa.

Jarrabawa mafi nauyi ta zo a azumi. Yana shan ƙwayoyi iri biyu, ɗaya cikinsu tana iya saukar da sukari fiye da kima, kuma an gargaɗe shi cewa idan ya faɗi ƙasa da 70 ya karya nan take. Ranar sha bakwai ga wata, bayan la'asar, zufa ta keto masa, hannunsa na rawa. 'Yar autarsa ta soki yatsarsa, na'ura ta nuna 62.

“Baba, ku karya,” in ji ta.

Ya dubi agogo, saura awa biyu. Shi da ya koyar da yara rangwamen da aka yi wa mara lafiya, tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba. Ya yi shiru har ta sake magana. Sannan ya ce ta rufo ƙofar zaure, ya miƙa hannu ya ɗauki dabino uku.